Abin da Na Gani a Ɗakin Allura

Ɗiyar yayana ta zo Faransa karatu lokacin da nake tsaron wani butik na salula a Barbès, gab da gadar metiro. A gidana na Sevran ta sauka. Ita ce ɗiyar fari, kuma a gidanmu a Damagaram har yau ana kunyar ɗan fari. Yayana bai taɓa kiran sunanta ba. In zai yi mini maganarta sai ya ce "mutuniyarka". In ta kira shi a waya, gaisuwa ce kawai, ya sa mata albarka, ya miƙa wa ƙannenta. Uwar ma haka, har ta fi shi kawaici. Saboda haka duk abin da suke so ta sani ta bakina yake bi, abin da take so su sani kuma ta bakina yake komawa.

Bakin nan nawa kuwa ba abin dogaro ba ne. Karatuna bai yi nisa ba, kuma abin da ya ciyar da ni a ƙasar nan surutu ne. Ina iya sayar wa mutum salula alhali wadda ke hannunsa ta fi ta kyau. Ina son in yi magana a yi dariya, ba na cika duba wanda dariyar ta taka. Ina roƙon Allah gafara a kan wannan hali, don har yanzu bai sake ni gaba ɗaya ba.

Da ta gama karatun Paris sai aka ɗauke ta a Lyon ta yi na dakta, babban digirin bincike, wanda suke ce wa tez. Ta samu ɗaki wajen wata Hajiya ƴar garin Tawa a Vénissieux, cikin dogayen benayen Minguettes. Wata rana ta zo mana hutu, muna cin tuwo, na tambaye ta me take yi a can takamaimai. Ta ce akwai wani sinadari da ake shimfiɗawa bisa ɗan gilashi, siriri ƙwarai, wanda gashin kai ma katako ne a kusa da shi. In an haska shi da wani irin haske sai ya mayar da nasa hasken. Ita tana auna wannan haske a ɗaki mai duhu, tana kuma auna yadda kuran, wato wutar lantarki, yake ratsa shimfiɗar wuri-wuri. Ta yi bayani mai tsawo. Abin da na riƙe kawai gilashi da ɗaki mai duhu.

Washegari a butik, abokai sun taru ana shayi, aka tambaye ni labarinta. Na ce ai ɗiyar tawa ta samu babban aiki, gadin gilashi take yi a cikin duhu, kada ya gudu. Aka yi dariya, na ji daɗi, na sake faɗa a wurin wani suna a Sevran. Mutanenmu kuwa kullum suna kan hanya tsakanin Barbès da gida. Ba a daɗe ba maganar ta isa Damagaram, ta shiga gidajen biki.

A shekararta ta uku ta kira ni ta ce aikin ba zai ƙare a kan lokaci ba, tana bukatar ƙarin shekara, kuma farfesanta ya amince. Ta ce in sanar a gida. Na sanar. Yayana ya ce ya ji. Bayan ƴan kwanaki sai ga kiransa ina tsakiyar ciniki. Shi ba ya kira sai da dalili, don haka na bar mai sayen na fita bakin titi, jirgin metiro yana ruri a bisa kaina.

Muka gaisa, ya tambayi iyali da sanyi. Sannan ya ce, "An yi wa mutuniyarka alkawarin aikin koyarwa a nan. Ba za a riƙe mata shi har abada ba. Uwarta kuma tana jin magana a gari."

Na ce, "Wace magana, Yaya?"

"An ce gadin gilashi take yi. An ce daga bakinka aka ji."

"Wasa ne, Yaya, wallahi wasa ne."

"To. Ka je ka gani da idonka. In aiki ne ka gaya mini. In gadi ne, ta dawo bayan Babbar Salla. Muna da gilashi a nan."

Da na gaya mata, ba ta yi mini ƙorafi ba, ko da yake na san ta san inda maganar ta fito. A waya ta dai ce, "In ya ce in koma zan koma, Baffa. Ka zo, zan nema maka izinin shiga wurin aikin."

Na hau jirgin ƙasa na Lyon da shaddata mafi kyau, na sha turare. Tun daga tashar Paris nake tsara abin da zan faɗa wa yayana in na dawo, ban ma ga komai ba tukuna. Zan ce tana ƙera fitila. Zan ce Turawa ba sa taɓa na'ura sai sun tambaye ta. Kafin mu wuce gonakin inabi na riga na ɗora ta bisa kujerar minista.

Ta tarye ni a ƙofar labo, wato gidan bincikensu, ta dube ni sama da ƙasa, ta toshe hanci tana dariya.

"Tonton, ɗaurin aure ka zo?"

In tana son tsokana ta Tonton take ce mini maimakon Baffa, kamar yaran da aka haifa nan.

Ta sa na tuɓe babbar riga, ta ba ni wata farar riga da ba ta rufe mini ciki ba, da ƴan ledoji shuɗɗa na sa wa takalma. Ta ce in kashe salula. Na kashe ɗaya. Ta tsaya tana miƙa hannu har na fito da sauran daga aljihu.

Ɗakin farko a ƙarƙashin ƙasa yake. Ta ce da gangan aka sa shi can, don motsin motoci da na mutane ba ya isa sosai. Ta shiga ta fara aiki, ni kuma na tsaya kewayawa. Da na dawo na tura ƙofa da ƙarfi, na ga wani saurayi Bature zaune kusa da ita, sai na yi abin da aka koya mini tun ina yaro. Na buɗe murya irin ta kasuwa na ce, "Salamu alaikum! Bonjur, mesiye!"

Saurayin ya dafe kai. Ita ta amsa sallamar a hankali, ta yafito ni, ta nuna mini allon ordinata, wato kwamfuta. Wani hoto ne ke fitowa layi bayan layi daga sama, kamar ana saƙa. A tsakiyarsa wani farin zane ya ratsa daga gefe zuwa gefe.

Ta ce, "Baffa, ga sallamarka. Ta fito da kyau."

Sannan ta yi mini bayani. A cikin akwatin da ke bisa teburin akwai wata allura da ido ba ya ganin tsininta. Tana bin fuskar shimfiɗar a hankali, a kowane wuri tana jin yawan kuran da ke wucewa, na'ura tana zanawa. Allurar tana jin komai: taku, ƙofa, tari, muryar ɗan kasuwa. Sai an sake daga farko. Ta nuna mini kujera can kusurwa, ta sa yatsa a baki.

Ban taɓa zama shiru irin na ranar ba, ko a masallaci, Allah ya yafe mini. Hancina ya yi ƙaiƙayi. Tari ya zo ya tsaya mini a maƙogwaro na haɗiye shi. Labarai masu daɗi suka yi ta zo mini a kai, babu wanda zan ba. Da na rasa abin yi sai na koma kallon hoton, da na gaji da hoton na koma kallonta. Yarinyar da na sani a gidana mai sauri ce, tana wanke kwanoni kamar ana korar ta. A nan kuwa ko hannu za ta ɗaga sai ta ɗaga shi kamar mai tsoron tada jariri. Can hoton ya fara dusashewa, ta ce da saurayin allurar ta dakushe. Ta buɗe akwatin, ta ɗauko wata da ɗan hantsaki, ta riƙe numfashi ta dasa ta. Aka sake daga farko kuma. Ba ta yi tsaki ba. Ni da ba aikina ba na yi, a zuci.

Da hoton ya cika ta ce yanzu ina iya numfashi. Fili ne mai duhu da ɗige-ɗige masu haske a warwatse, kamar an watsa gero bisa baƙin zane. Ta ce kowane ɗigo wuri ne da shimfiɗar ke da aibi, kuran yana zurarewa ta nan maimakon ya bi inda ake so. Na tambaye ta girman filin. Ta ce in an yanka gashin gemuna, bakin yankan ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Na shafa gemun.

Daga nan muka hau bene zuwa ɗakin duhun da na yi ta yi wa ba'a. Baƙaƙen labule ne a ko'ina. Ta ba ni wani tabarau mai kauri ta ce kada in cire ko da wasa, don hasken da za ta kunna ido ba ya ganin sa amma yana ƙona ido. Ta ɗora ɗan gilashin, bai fi farcen ɗan yatsa ba. Ta kashe fitila. Na ji ta taɓa wani abu.

Ban ga haske ya shiga ba. Sai kawai na ga wani ɗigo a bisa gilashin ya kama, tsakanin shuɗi da kore, launin da ban taɓa gani a shadda ko a fitilun Paris ba. Ba ya rawa kamar wuta, yana nan tsaye. Na ce Subhanallahi ƙasa-ƙasa, sannan na tambaya cikin raɗa ko an yarda a yi magana a nan.

Ta ce, "Nan ka yi surutunka, Tonton. Haske ba ya ji."

Amma surutun bai zo ba. Ita ce ta yi magana. Ta ce a ido hasken ɗaya ne sumul, amma in an faɗaɗa shi a na'ura akwai wuraren da suka yi duhu. Tambayarta ita ce, wuraren duhun nan su ne wuraren da kuran ke zurarewa, ko dabam suke? Don ta sani, dole ta nemo wuri guda tak a na'urori biyu, a ɗakuna biyu, a bisa abin da ido ba ya gani. Tana yi wa shimfiɗar ɗan ƙarce a matsayin alama, ta bi shi. Wannan kawai ya ci mata fiye da shekara. Ta gano yawancin wuraren sun dace da juna, yadda kowa ya zata. Amma akwai waɗansu da suka yi duhu alhali kuran ba ya zurarewa ta nan. Su take bi. Sai an shimfiɗa mata sababbi a wani labo kusa da Paris ta gwada, shi ya sa take neman lokaci.

Na ce, "To amfaninsa fa?"

Ta ce da irin wannan shimfiɗa ake yin ƙananan fitilun da ba sa shan wuta, kuma in an san abin da ke kashe hasken wataƙila a gyara yadda ake yin su. Ta nanata wataƙila.

Na ce, "Shi ke nan. Zan ce masa kina ƙera fitilar da za ta haska Damagaram har Birni da Zango."

Ta kunna fitilar ɗakin, ta cire tabarau ta dube ni. "Baffa, don Allah kada ka sa gishiri. Ba na ƙera komai. Yana yiwuwa ma in ƙare shekarar in tarar ba komai a wurin. Ka faɗa masa abin da ka gani kawai."

Muna fitowa sai ga saurayin nan. Ta buɗe wata dirowa cike da ƙananan akwatunan roba, ta shiga nuna masa ɗaya bayan ɗaya, da yadda zai gane ƙarcen, da gefen da ba a kamawa. Faransancina na kasuwa ne, amma na ji sarai da ta ce masa, "in ba na nan." Ta faɗa fiye da sau ɗaya.

A cikin metiro, kan hanyar Vénissieux, na tambaye ta. Ta ce tun ranar da na kira ta ta fara koya masa, ta kuma gaya wa farfesa ya shirya, don kada aikin ya mutu in ta tafi.

Na ce, "To in shi ya ƙarasa, shi za a ba tez ɗin?"

"Shi."

"Ba zai dame ki ba?"

Ta dubi baƙin gilashin tagar. "Takardar za ta dame ni kaɗan. Abin da zai dame ni ƙwarai shi ne in ji amsar daga bakin wani."

Ranar Juma'a bayan masallaci na kira yayana daga Sevran. Jawabin da na tsara a jirgi yana nan a kaina, ya yi kyau ƙwarai, kuma na san in na fara ba zan tsaya ba. Muka gaisa. Ya ce, "Ka je?"

"Na je."

"Me ka gani?"

Na ba shi labarin allurar, da sallamata da ta ɓata aiki, da yadda aka sake har allurar ta dakushe aka sake kuma. Na ba shi labarin ɗan gilashin da ya kama haske ba a ga abin da ya kunna shi ba. Na ce akwai wurare masu duhu da take bin dalilinsu.

Ya ce, "Kai ka gane abin?"

"Ban gane ba, Yaya. Kaɗan na kama."

Na ji ya yi wata ƴar dariya ta hanci. "Yau kuma? Kai da ka san komai?"

"Wannan ban sani ba."

"Zai yi amfani?"

"Ta ce wataƙila. Ta hana ni in ce fiye da haka."

Ina jin awaki a bayansa. Sannan ya ce, "In na ce ta dawo, za ta dawo?"

"Za ta dawo. Ta riga ta fara koya wa wani yaro Bature aikin, don ya ƙarasa in ta tafi. Ba ita ta fara gaya mini ba, da idona na gani. Ba ta kuma ce in roƙe ka ba."

"Na ji," in ji shi. Ya ce in gaida iyali.

Babbar Salla ta matso, ba a ce ta zauna ba, ba a ce ta dawo ba. Ta kira ni ta ce ko ta nemi tikiti. Na ce ta dakata kaɗan, ni ma ban san abin da nake jira ba. Matata ta ce in sake kiran sa. Na ce wanda ya san yayana ba ya tambayar sa abu ɗaya sau biyu.

Wata safiya ina buɗe butik sai ga wani Alhaji ɗan garinmu mai fataucin atamfa, ya sauka daga gida jiya. Yana jan wata jaka, yana haki. Ya ce, "Yayanka ya kusa sa a hana ni hawa jirgi. Na bar kayana saboda wannan. Ya ce ka kai wa mutuniyarka."

Na ce, "Da wane saƙo?"

"Babu. Ya ce ka kai."

Ranar Asabar na kai jakar Minguettes. Na'urar hawa bene ta lalace, na hau da ita a kafaɗa ina hutawa a kowane hawa. Muka buɗe a tsakar ɗakin Hajiya. Garin kuka ne, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, da yakuwa, da garin ɗanwake, kowanne an ɗaure shi a leda an sake ɗaurewa, ɗaurin uwarta. Warin daddawa ya cika gidan. Ɗiyata ta durƙusa tana ɗaga ƙullin ɗaya bayan ɗaya, tana juya su, kamar tana neman wani abu a ƙasa.

Hajiya ta ɗaga ƙullin kukar da hannu biyu ta jijjiga. Ta ce, "Ke, wannan ai ko kullum kika yi miya sai ta kai ki kaka mai zuwa. Wanda zai tafi bayan Salla ba a aiko masa da wannan."

Ɗiyata ta tsaya da hannu a cikin jakar. Ta dube ni. Na gyaɗa kai. Ta tashi ta shige kicin ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba. Hajiya ta ɗaga murya ta ce in ta gama wanke fuskar ta ɗora tukunya, baffanta ya hau bene da kaya bai ci komai ba.

Ta gama tez ɗin a shekarar da ta biyo. Ta samu amsar wuraren duhun da kanta, ta yi mini bayani, na kama kaɗan. Ina gode wa Allah da ya sa yayana ya aike ni, maimakon ya yanke hukunci da abin da ya ji a gari. Ina kuma gode mata, don har yau ba ta taɓa tayar mini da maganar da na yi a butik ba. Ranar da na kira gida na sanar an ba ta dakta, yayana ya ce madalla, ya tambaye ni ko ana ruwa a Paris. Daga baya ƙanenta ya gaya mini ya yanka rago da la'asar, bai faɗa wa kowa dalili ba.